Kariya a Tukunya: Furen Gobir da Muke Saye da Sunan Baƙo

 Zancenmu na wannan mako a kan wani ɗan tsiro ne, da yadda ake renonsa a gida, da kuma dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci shafin jarida a irin wannan lokaci da muke ciki.

Duk wanda ya bi gefen manyan tituna a Abuja, Kaduna ko Kano ya saba ganin masu sayar da furanni sun jera tukwane a inuwar bishiyoyi. Cikin kayan da suke ji da su akwai wata 'yar gajeriyar bishiya mai kumburarren gindi kamar tulu, da rassa masu kauri, da fure ja-ja mai haske a tsakiya. Mai sayarwa yakan kira ta da wani sunan Turanci da ke nufin furen hamada, mai saye kuma ya biya yana murna ya samo abin ƙasar waje. Da za a nuna wa wani dattijo daga Sabon Birni ko Isa wannan tukunya, ba zai ɗauki lokaci ba zai ce, "Ai kariya ce." Ya san ta a fako da wurare masu duwatsu, ya san ta a bakin gidaje, ya kuma san cewa ko akuya ba ta kula ta.

Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum. Kashin farko na sunan ana danganta shi da birnin Adan na ƙasar Yaman, kuma a wannan ƙasa ce wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Peter Forsskål, ya fara bayyana ta a rubuce ga Turawa. Ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa a 1775. Kashi na biyu kuwa ma'anarsa mai ƙiba, saboda wannan gindi nata. Amma gidanta ya fi Yaman faɗi: tana fitowa da kanta tun daga Senegal, ta ratso Mali, Nijar, Arewacin Najeriya, Chadi da Sudan, har gabashin Afirka da yankin Larabawa. Daga baya manoman fure a Tailan da Taiwan suka ɗauke ta, suka yi ta auratayya tsakanin irinta har suka samar da masu fure ninki-ninki da launuka barkatai, suna sayar wa duniya. Ire-iren waɗannan su ne suke dawo mana yau da sabon suna da sabon farashi.

Kariya ɗaya ce daga cikin rukunin tsirran da ke ajiye ruwa a jikinsu, kuma ƙasar Gobir tana da su da dama. Akwai aguwa, wadda wasu ke kira aliyara, da ake kafa rassanta a yi shingen gona, a Nijar ma ana amfani da ita wajen tsayar da yashin da iska ke kwasowa. Akwai zabuwa ko kabar giwa, mai ganye kauri da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, 'yar'uwar wadda ake yin man shafawa da ita a kamfanoni. Akwai moda, mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba, wadda iyayenmu suke fidda zare daga gare ta su tufka igiya da tsarkiyar baka, yau kuma ita ce ake ajiyewa a kusurwar ofisoshi da bankuna. Akwai karan masallaci, ɗan guntun tsiro mai sassa huɗu, wanda masana suka raɗa wa Caralluma dalzielii don tunawa da Dakta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Abin lura a nan shi ne, daga bakin manoma, makiyaya da masu magani ya tattaro waɗannan sunaye. Ilimin namu ne tun fil'azal, shi dai ya rubuta.

Kafin mutum ya iya renon waɗannan tsirrai, sai ya fahimci ƙasar da ta haife su. A yankin Sabon Birni da Isa, ruwan sama na shekara a yawancin lokaci tsakanin milimita 500 ne zuwa 700, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba. Daga nan sai wata bakwai ko takwas babu ɗigo, ga iskar hunturu, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu. Tsiron da zai rayu a nan dole ya zama mai tanadi. Kariya takan sha ta ƙoshi da damina, ta tara ruwan a gindinta kamar yadda magidanci ke cika rumbu da kaka. Idan rani ya yi nisa sai ta zubar da ganye don rage asarar ruwa, kuma sau da yawa a wannan lokaci ne, tana tsirara ba ganye, take fidda furenta. Zabuwa da moda kuwa wata dabara ce tasu. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan tsiro ke shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, ta nan kuma ruwa ke tserewa. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe su. Waɗannan kuwa sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan su buɗe, su adana abin da suka shaƙa, da rana su rufe ƙofa su yi aikinsu da hasken rana.

Daga wannan bayani dokar farko ta fito: abin da ya fi kashe kariya a tukunya shi ne yawan ruwa. Mai ita yakan so ta da yawa, ya riƙa ba ta ruwa safe da yamma kamar alayyahu, saiwarta ta zauna cikin laima ba iska, ta ruɓe. Kafin ya ankara gindin ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen gwanda. Wadda aka manta da ita wata guda sau da yawa takan farfaɗo, amma wadda aka jiƙa kullum da wuya ta kai labari.

Saboda haka aikin daga tukunya yake farawa. Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi ta roba, domin jikinta yana numfashi, ruwa yana tsattsafowa ya bushe, kuma ba ta ɗaukar zafi ta dafa saiwa. Tsohon kasko, ko tulun da bakinsa ya fashe, ko gindin randa, duk sun isa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: a huda gindinta, rami ɗaya babba ko uku matsakaita, yadda ruwa zai wuce. Kada a zaɓi tukunya mai zurfi da faɗi fiye da kima ga ɗan ƙaramin tsiro, don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ke riƙe laima. A ɗora tukunyar a kan duwatsu uku ko bulo, kada gindinta ya manne da ƙasa, wannan ma yana rage shigar gara.

Ƙasar da za a zuba ita ce mataki na biyu. Lakar fadama, wadda albasa da shinkafa ke so, guba ce ga kariya, domin tana ɗaurewa ta toshe iska. Abin da ya dace shi ne a haɗa kashi biyu na yashin gulbi mai tsakuwa, irin wanda magina ke kwaɓa siminti da shi, da kashi ɗaya na ƙasar jigawa, da kashi ɗaya na tsohon taki da ya ruɓe sarai ya koma baƙar ƙasa. A ƙara ɗan farfasasshen gawayi da ɓarɓashin marmara ko na fasasshiyar tukunya. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, a guje shi. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba ruwa a tukunyar, in ya fito ta ƙasa nan take, ƙasar ta yi. In ya kwanta a sama yana jira, a ƙara yashi.

Hanyar samun tsiron biyu ce, iri ko reshe. Kariya takan yi 'ya'ya biyu-biyu, dogaye kamar ƙahon akuya. Idan sun nuna sai su tsage, irin ya fito da gashi a kowane gefe, iska ta tafi da shi kamar na tumfafiya, wadda dama danginta ce. Shi ya sa ake ɗaure kwanson da zare kafin ya fashe. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai ɗan laima, a rufe shi sama-sama. Sabon iri yakan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu in da ɗumi, amma ba ya jure dogon ajiya. Amfanin iri shi ne, tun tana ƙarama take yin wannan kumburarren gindi da masu saye ke nema. Reshe kuwa ya fi saurin fure, sai dai gindinsa ba ya saurin kumbura. A yanko mai tsawon taƙi ɗaya da wuƙa mai tsabta, a shafa toka a bakin yankan, a ajiye shi a inuwa kwana biyar zuwa bakwai har ya ƙafe, sannan a kafa shi a busasshiyar ƙasa. Kada a ba shi ruwa sai bayan wasu kwanaki. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bazara zuwa farkon damina. Zabuwa da moda sun fi sauƙi, domin 'ya'ya suke fiddawa a gefen uwar, sai a raba da saiwarsu a dasa. Karan masallaci kuwa gaɓa ɗaya ta isa.

Batun ban-ruwa ba ya bin ranakun mako, yana bin yanayi. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in an ji sanyin laima a dakata, in ta bushe ƙayau a ba ta har ruwan ya fito ta ƙasa, sannan a ƙyale ta. Da bazara ƙaramar tukunyar ƙasa tana iya bushewa cikin kwana uku ko huɗu. Da damina, musamman a Agusta lokacin marka, a janye ta ƙarƙashin rumfa ko inuwar ɗaki inda haske ke isa amma ruwa ba ya dukanta kullum, kuma kada a ajiye ta a bakin indararo. Da hunturu takan yi barci, ganye ya yi rawaya ya zube. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba kiran ruwa ba ne. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, in zafi ya dawo za a ga toho.

Haske kuwa ba ta ƙoshi da shi. Kariya 'yar rana ce, tana son aƙalla sa'a biyar ko shida a rana kafin ta yi fure. Wadda aka kulle a falo bayan labule za ta miƙe siririya, ta yi fari-fari, ta ƙi fure. Tsakar gida, bakin taga mai fuskantar gabas, ko kan dakali, su ne mazauninta. Mai son tsiron cikin ɗaki ya nemi moda, ita ce ke jure ƙarancin haske. Ƙwarin da suka fi damun kariya su ne darɓa da wasu farare masu kama da ɓarɓashin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Ruwan sabulu kaɗan, ko ruwan da aka jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan dogon yaro, a fesa da yamma, yakan yi maganinsu. In kuwa an taɓa gindin an ji laushi, a tumɓuke ta nan da nan, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai ga fari mai lafiya, a shafa toka, a shanya a inuwa mako guda, a sake dasawa a sabuwar ƙasa. Duk bayan shekara biyu a sauya mata ƙasa, a ɗan ɗaga ta sama kaɗan, saiwar da ta yi kauri ta fito fili. Haka ake samun wannan siffa mai ban sha'awa.

Gargaɗi ɗaya wajibi ne. Ruwan jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya. A sassa da dama na Afirka an yi amfani da shi wajen dafa kibiya da kashe kifi, kamar yadda maharbanmu suka san kwankwani, wanda shi ma danginta ne. A ajiye ta inda yara masu rarrafe ba sa kaiwa, a wanke hannu da sabulu bayan an yanke ta, a kiyaye ido, kuma kada wani ya yi gangancin jiƙa ta ya sha da sunan magani. Rigakafi ya fi magani.

Na san wani mai karatu zai ce, "Malam, mutanen Gobir suna gudun ceton rai, kai kana zancen fure?" Tambayar tana kan hanya. Ba wanda ya manta da hare-haren watan Mayu na 2020 da suka ci rayuka masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni, ko matafiyan da aka ƙona cikin mota a kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021, ko kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga a Agusta 2024. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, wasu aka tsugunar da su a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu suna cikin garuruwan Isa da Sabon Birni, wasu a Sakkwato, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangaye. A rubuce sunan wannan tsiro ɗaya ne da kariyar da jama'a ke roƙo, amma tukunyar fure ba za ta tare harsashi ba. Tsaron rai da dukiya nauyi ne da ke wuyan hukuma, kuma ba abin da zai sauke mata shi.

Sai dai akwai asarar da ba a ƙirgawa idan ana lissafin gawa da shanu. Yaron da aka haifa a gudun hijira bai taɓa bin mahaifinsa gona ba, bai ga shingen aguwa ba, bai san bambancin tinya da karan masallaci ba. Tsohuwar da ta san waɗannan sunaye da amfaninsu tana zaune a kango a birni, ba dajin da za ta nuna masa. Sarautar Gobir ta ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, ta sake kafuwa a Tsibiri da Sabon Birni, domin mutane sun tafi da tarihinsu a ka. Sunan tsiro kuwa ba ya daɗewa a ka idan ido ya daina ganin tsiron. Tsara ɗaya ta isa ya ɓace. Waɗannan tsirrai suna daga cikin 'yan abubuwan daji da za su iya bin mutum zuwa birni, domin reshensu yana kwana bakwai a ƙullin zane bai mutu ba, kuma ruwan da suke buƙata bai kai na wanke kwano biyu ba.

Akwai kuma batun abin sawa a baka. Matar da ta rasa gona ba ta rasa hannu ba. Renon kariya daga iri ba ya buƙatar fili, ko famfo, ko jari mai yawa. Gwangwanaye da fasassun tukwane a gefen katanga sun isa farawa, kuma kasuwarta tana nan a birane, inda masu gina gidaje, otal-otal da ofisoshi ke neman abin ƙawa da ba ya cin ruwa. Ba sana'ar da za ta ciyar da gida ita kaɗai ba ce, kuma tana son haƙurin shekara ɗaya ko biyu kafin tsiron ya kai na sayarwa. Amma ƙari ce a kan ƙuli-ƙuli da saƙar hula, kuma za ta ja maginan tukwane su ma su samu ciniki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A nan ne kuma ya kamata mu ɗauki darasi daga Afirka ta Kudu. Tun wajen 2019, da sha'awar irin waɗannan tsirrai ta bunƙasa a kasuwannin Asiya da Turai ta hanyar intanet, masu fasa-ƙwauri suka afka wa busassun yankunan ƙasar suna tumɓuke su. Hukumomi sun kama fiye da miliyan ɗaya, wasu nau'o'in kuma an kusa ƙarar da su daga inda suke fitowa. Tsohuwar kariyar da ke kan fako ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai girman da take. Ranar da kasuwa ta gano ta, mai diga zai cire ta cikin sa'a guda. Don haka ƙa'idarmu tun yanzu ta zama: a ɗebi iri, a yanki reshe, a bar uwa a inda take. Mai saye ma ya riƙa tambaya, renonta aka yi ko haƙo ta aka yi?

Mu da ke jami'o'i muna da namu rabon aikin. Sassan nazarin tsirrai da na harsunan Najeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato za su iya haɗa ɗalibansu su zauna da dattawan da suka yi hijira, su rubuta sunayen tsirrai da lafazin Gobir, da inda suke fitowa, da abin da ake yi da su. Ba sai an shiga daji ba, masu ilimin suna cikin gari. Makarantun firamare da sakandare su keɓe kusurwa ɗaya, tukwane goma, kowace da sunanta na Hausa a rubuce, masu dafi a bayan shinge. Masu sayar da furanni kuma su daina jin kunyar cewa kariya, moda, zabuwa. Hukumomin da ke aikin yaƙi da hamada, su ma, su tuna cewa aguwa ta riga su fara aikin.

Kai kuma mai karatu, in kana da taga mai samun rana da tsohon kasko a bayan ɗaki, nemi reshe ɗaya wurin maƙwabci. Ka shanya shi mako guda, ka kafa shi a yashi, ka riƙe hannunka daga buta. Ranar da ya yi fure, ka kira yaran gidan ka gaya musu sunansa da garin da kakanninsu suka san shi.

Allah Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.